Zanen da 'Yata Ta Yi da Jikina

A waya na fara ganin zanen. Ina hutun rana a wani asibitin kuɗi da ke Marylebone a nan London, inda nake aikin ɗibar jini, na buɗe kular shinkafata ke nan saƙo ya shigo daga wata ƙawata 'yar Kumasi da muke layi ɗaya a Barking. Murya ta turo. Na kara wayar a kunne.

"Hajiya, kar ka shiga group tukuna. Kira ni. Yarinyanka ya yi wani abu."

Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, kuma kullum sai na tsokane ta a kai. Ranar ban kira ta ba. Kai tsaye na shiga group ɗin, na matan unguwa, wanda muke sanar da haihuwa da rasuwa da ranar karatu a cikinsa.

Hoto ne wata ta ɗauka a karkace: wani ƙaton zane rataye a farin bango. Gado ne da mutum biyu a kansa tsirara, mace da namiji, kowa ya ba ɗan uwansa baya. Namijin bayansa kawai ake gani, da ɗuwawu da sanƙo. Ya ɗaga waya sama da kafaɗarsa, a fuskar wayar kuma an cakuɗa jikin 'yan mata, ƙirji da ƙugu da cinya, babu kai ko ɗaya. Macen ce ke fuskantar mai kallo. An shafe fuskarta da fenti ruwan toka. Ita ma da waya a hannunta, hasken ya sauka a ƙirjinta. Ɓangaren hagu babu mama, sai tabon ɗinki da ya taso daga tsakiyar ƙirji ya nufi hammata, ya ɗan lanƙwasa sama a ƙarshensa.

Na sa yatsu biyu na buɗa hoton. A cinyar macen ta dama ga tabon ƙuna, wanda tafasasshen man gyaɗa ya yi min ina yarinya a Zariya. A gefen zanen, a ɗan farin kati, ga sunan 'yata da sunan ubanta.

Ƙarƙashin hoton kuwa mata sun cika wuri. "Innalillahi." "Allah ya shirya mana zuri'a." Wata ta rubuta, "Wai 'yar gidan wa ce?" alhali da hannunta ta kawo min farfesu lokacin da aka sallamo ni daga asibiti. Na rufe kular ban ci ko loma ɗaya ba. Na san a wannan hali ba zan iya soka wa kowa allura ba, sai na je na gaya wa shugabar sashenmu ba ni da lafiya, na ɗauki jakata.

Shekarun baya ne aka gano ina da kansar mama. Aka yi min aiki aka cire na hagu, aka bi da chemo da ya kwashe min gashi har gira. 'Yata ita ce ta fari, ko a nan London ba na kiran sunanta, "ke" nake ce mata, ita kuma tana dariya wai ni kaɗai ce uwar da ta manta sunan 'yarta. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa, sai in ranta ya ɓaci ko tana neman wani abu a wurina take karkato harshe. Lokacin jinyata ta ajiye karatu ta dawo gida. Ita ta riƙa yi min wanka. Ita take zubar da ruwan da ke taruwa a robar da aka maƙala min a gefen ƙirji, ita take canza bandeji, ita take shafa min mai a kan ɗinkin da ɗan yatsanta, a hankali, daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta taso daga Najeriya ta zo duba ni, ban bari ta ga wurin ba. Ban da likitoci, mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda tabon nan ya lanƙwasa.

Kuma ni na tsaya mata ta karanci zane. Ubanta, da yake aiki a council, wato ƙaramar hukuma, harhaɗa magunguna ya so ta karanta. Muka daɗe muna ja-in-ja. Na ce yarinya tun tana rarrafe take ɓata mana bango da biro, a bar ta ta yi abin da Allah ya ba ta. Da matan unguwa suka fara ƙus-ƙus wai zanen mai rai haramun ne, ni na tare su. Ni nake ɗauko mata gwangwanayen fenti a mota, ni na ba ta ɗakin ƙasa ta cika shi da wari. Abin da nake tunawa ke nan a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tsaye, riƙe da ƙarfe, ina jin kamar kowa a taragon yana ganin abin da ke ƙarƙashin hijabina.

Na san inda ake baje kolin, don ta faɗa mana tun makonnin baya cewa ita da 'yan ajinsu da suka gama karatu za su nuna ayyukansu a wani ɗan gallery, a wani lungu kusa da Charing Cross. Da na ce zan zo buɗewa sai ta ce kada in wahala, wurin ƙarami ne, kuma giya za a sha. Na yarda da ita. Har na yi mata addu'a.

Da shigata na hango shi, shi ya cinye bangon ƙarshe gaba ɗaya. Ya fi ni tsayi. A waya ban ga girmansa ba, ban kuma ga kyansa ba. Dole in faɗi gaskiya: yarinyar ta iya. Launin fatata ne sak, har inda ya fi duhu a gwiwa, har nankarwar cikina ta haihuwa uku. Tabon kuwa ta ɗora masa fenti mai kauri, ya taso daga jikin ƙyallen, in ka sa hannu za ka ji shi yadda ita ta ji shi. Da aikin banza ne, da wataƙila na ce shirme ne na juya. Iyawar ce ta ƙara ƙona min rai. Ashe duk lokacin da take shafa min mai, ni ina rufe ido don kunya, ita idonta a buɗe yake tana haddacewa.

Mutane kaɗan ne a wurin. Wani saurayi mai zobe a hanci ya matsa daf da zanen, ya kara wayarsa a saitin ƙirjina ya ɗauka, ya duba, bai gamsu ba ya sake ɗauka. Wasu 'yan mata biyu suka juya masa baya suka ɗauki kansu da shi, suna karkata kai. Ina tsaye a bayansu babu wanda ya kalle ni.

Sai wata baturiya doguwa mai gajeren farin gashi ta matso, da alama ita ke kula da wurin. Ta kalli hijabina ta yi murmushi, irin murmushin da ake yi wa wanda aka ji daɗin zuwansa don wani dalili. Ta ce ta yi murna da ganin 'yar al'ummarmu a nan. Ba tare da na tambaye ta ba ta shiga yi min bayani. Wai zanen yana magana ne a kan yadda waya ta raba miji da mata a gado ɗaya, yadda sha'awa ta bar jikin mutum ta koma cikin gilashi. Wai kuma abin da ya fi burge su shi ne jikin mace Musulma, wanda kullum ake ɓoyewa, yau mai zanen ta 'yantar da shi.

Na ce, "Wa ya gaya miki a ɗaure yake?"

Ta ɗan yi turus. Ta ce ai mai zanen ta ce mahaifiyarta ce, kuma lallai jaruma ce da ta yarda a nuna ta haka.

"Ta yarda?"

"Haka muka fahimta."

"Ni ce. Ban yarda ba. Ban ma sani ba sai yau."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta fara ba ni haƙuri, tana kai hannu za ta dafa min kafaɗa, na ja baya. Na ce ba haƙuri na zo karɓa ba, a sauke shi yanzu. Ta ce ba ta da ikon saukewa sai da mai shi, kuma akwai wata matsala. Ta nuna min wani ɗan jan ɗigo da aka manna a gefen farin katin. Ban san ma'anarsa ba. Ta ce alama ce an saya, tun ranar buɗewa.

Na tambaye ta wa ya saya. Ta ce ba sa bayyana sunan masu saye, sirrinsu ne. Na yi wata irin dariya da ta sa saurayin nan ya waiwayo. Wanda ya saya yana da sirri. Ni da nake tsirara a bango ba ni da shi.

Ita ta kira 'yata a waya. Ta kai ni wani ɗakin baya, cike da katako da ledar naɗe kaya, ta kawo min shayi ban taɓa shi ba. Ba a jima ba yarinyar ta shigo tana haki, da fenti a gefen farcenta, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙaraso ba.

"Umma."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe. Da Hausa ta fara, abin da ya nuna min ta san girman abin da ta yi.

"Umma, ban sa fuskarki ba."

"Fuskata kowa ya santa a Barking, da ita nake zuwa kasuwa. Abin da kika sa shi ne wanda ban nuna wa kowa ba."

"Ban yi zaton wani daga unguwa zai zo nan ba."

"Da ba su zo ba fa? Shi ke nan ya halatta? Baƙi su kalle ni, in dai ni ban sani ba?"

Na ce mata amana na ba ta. Ba don ina so na tuɓe a gabanta ba, don ba na iya ɗaga hannu ne. Na ce ko ma'aikaciyar jinyar da ba ta san ni ba sai ta ja labule kafin ta duba ni, kuma ba ta fita ta ba da labari. Na ce ke da na haifa kin kwashe ni kin kai kasuwa.

A nan ta fashe, ta koma Turanci, tana magana da sauri hawaye na zuba. Ta ce a gidanmu babu mai magana. Ta ce wata rana da rana tsaka ta shigo ɗakinmu kawo min magani, ta same ni kwance na juya bango ina sauraron wa'azi a waya, ubanta a ɗaya gefen ya juya ƙofa, kuma ta ga abin da yake kallo kafin ya kife wayar. Ta ce ta fita ta shiga banɗaki ta yi amai. Ta ce shekara da shekaru abin yana cikinta, ta rasa wanda za ta gaya wa, ni ba na son a tayar da zance, shi kuma ba a yi masa. Ta ce ko ni ɗin ma ai na ɓuya ne a cikin tawa wayar, daga wa'azi sai group, don kada in juyo in ga abin da na riga na sani.

"I had to put it somewhere, Umma."

Na ce, "To ki sa naki jikin mana. Ki zana kanki kina amai a banɗaki. Wannan naki ne. Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Da kin ce a'a."

"Ashe kin san amsar."

Na ce zuwa gobe in ga an sauke shi, kuma ta nemo wanda ya saya ta ce an fasa. Ta matso za ta riƙe ni na ɗaga mata hannu. Na fita ta cikin gallery ɗin, ban sake kallon bangon ba.

Abin da ta faɗa game da ubanta ba sabon labari ba ne a wurina. Na sani. Mace tana sanin irin wannan ko ba ta leƙa ba: yadda ake karkata waya, yadda ake kife ta in kin motsa. Mutumin nan bai gaza min ba a jinya ta fuskar ɗawainiya. Shi yake yin booking ɗin ganin likita, shi yake kai ni ya jira a mota, shi ya jera magunguna a leda-leda ya rubuta lokacin kowanne. Amma tun ranar da aka yi aikin bai sake kallon jikina ba. In zan sa kaya sai ya tuna yana da abin yi a falo. A hankali na koma sa kaya a banɗaki, don in rage mana wahala mu duka biyun. Haka muka zauna, muna gaisawa, muna cin abinci tare, muna zuwa suna da ta'aziyya, kowa yana cewa Alhaji ya yi ƙoƙari.

Na iso gida bayan la'asar na same shi a falo a tsaye, bai ko cire takalmi ba. Hoton ya riga ya tsallaka wurin maza. Ban gama sallama ba ya fara.

"Kin ga abin da 'yarki ta yi? Kin ga sakamakon zanen da kika tsaya mata? Ta tsiraita ni a duniya! Da wane ido zan shiga masallaci ranar Juma'a? Mutumin da nake gaba da shi a wurin aiki ya turo min, wai Allah ya ba ni haƙuri!"

Ya ce kada ta sake taka masa gida. Ya ce zai kira yayansa a Kano kafin labari ya riga shi. Ya ce sunansa ne a katin nan, sunan da ubansa ya bar masa ba tabo. Na zauna a hannun kujera ina sauraro, ina jira in ji inda zai ambace ni. Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Ko sau ɗaya bai ce ke fa, yaya kika ji.

Na ce, "Alhaji, bayanka aka zana. Da me ka gane kai ne?"

Ya tsaya.

"Masu sanƙo a London ba su ƙirguwa. Da me ka gane? Da wayar?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ni fa, ka gane ni a ciki? Ta yaya? Ka san yadda wurin yake? Ka san ta ina ɗinkin ya bi?"

Ya ce in yi hankali da bakina. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cire hijabi na jefar, na zuge rigar aiki, na zare robar da nake cusawa a rigar mama don ta cike gurbi, na ajiye ta a kan tebur kusa da remote. Na tsaya a gabansa a tsakiyar falo, labule a buɗe, rana na shigowa.

"Ga shi. Saurayi mai zobe a hanci ya gani yau, har ya ɗauki hoto. Kai ne kaɗai ka rage."

Ya kafa wa kafet ido. Ya ce, "Ki rufe jikinki, don Allah."

"Ba zan rufe ba sai ka kalla."

Mun daɗe a haka. Ina jin ƙarar jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan layinmu, ina jin sanyi a kafaɗata. Daga bisani ya ɗago. Ya kalla, kallo na gaske, daga tsakiyar ƙirji har hammata. Sai ya zauna a kujera kamar an cire masa ƙashi. Ya ce shi ya ɗauka ba na so a gani ne. Ya ce ranar farko da aka buɗe bandeji ya ga yadda na kau da kai, sai ya ce bari ya ba ni lokaci, daga nan kuma ya rasa yadda zai dawo.

Na ce, "Sai ka samu hanyar zuwa wurin waɗancan."

Bai musa ba. Bai kuma ba da haƙuri ba a ranar. Na kwashi kayana na hau sama. Akwai ƙamshin gaskiya a abin da ya faɗa, na san na kau da kai. Amma ni aka yanka. In wani zai tako ya zo wurin wani, ba ni ce ya kamata in taka ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidana ya koma gidan makoki. Mata suka riƙa zuwa jaje biyu-biyu, da lemo da biskit. Su zauna su ce sai haƙuri, 'ya'yan ƙasar nan sai addu'a, idonsu kuwa yana sauka a ƙirjina ta hagu ya tashi, ya sake sauka. Waɗanda ba su taɓa leƙo ni ina chemo ba duk sun samu hanya. Wata har cewa ta yi ita ba ta iya kallon hoton ba, ta goge shi nan take, alhali ni na ga sunanta a cikin waɗanda suka tura shi wani group ɗin.

Ƙawata 'yar Kumasi ce kaɗai ta zo hannu rabbana, ta wuce kicin ta ɗora min tuwo ba ta tambaye ni komai ba. Tana tuƙi ta ce, "Hajiya, mutum nawa ya shiga wannan gallery? Ba yawa. Amma hoton ya kai Kumasi, ya kai Kano, ya kai Jidda. Yarinya ya yi laifi, ban ce bai yi ba. Amma wa ya yi yawo da tsiraicinka? Masu innalillahi." Ashe ta riga ta faɗa musu haka a group, da murya, an cire ta. Ni ma a ranar na fita da kaina.

An sauke zanen kashegari, kamar yadda na ce. Amma sayen bai fasu ba. 'Yata ta yi ta kai-komo, ta roƙi baturiyar, ta rubuta wa wanda ya saya ta hannun gallery, amsa ta dawo cewa an riga an sa hannu, kuma yana matuƙar son aikin. Wani lauya da na tuntuɓa ya ce tunda babu fuska babu sunana, shari'ar za ta yi tsawo, kuma sai na tsaya a gaban mutane na tabbatar cewa jikin nawa ne. Na ce a bar shi. Yanzu haka yana rataye a wani gida da ban sani ba. Wataƙila a ɗakin cin abinci, ana zaune a ƙarƙashina ana yanka nama, mai gida yana yi wa baƙinsa bayanin kaɗaicin zamani. Duk sanda na tuna wannan sai in ji wuta ta taso min daga ciki, kuma ban ga alamar za ta mutu ba.

Alhaji bai kira yayansa ba. Ya je masallaci ranar Juma'a, ya dawo bai ce min komai ba. Bayan wasu kwanaki ya same ni ina yanka albasa ya tsaya a bayana ya ce in yafe masa. Na ce na ji. Yanzu in ina sa kaya ba ya fita, wani lokaci ma shi yake ja min zip. Ban san ko ya daina abin da yake yi ba, ban kuma bincika ba, ni ba 'yar sanda ba ce. Akwai ranakun da nake kallonsa yana cin abinci in ji tausayinsa, akwai ranakun da nake ji kamar in kife masa kwanon a ka.

Yarinyar kuwa watanni muka yi ba mu haɗu ba. Tana turo saƙo, ina karantawa ba na amsawa. Ƙannenta biyu suka rabu, ɗaya yana bayanta ɗaya yana bayana, har na hana a tayar da zancen a kan tebur. Da azumi ya zo, wata Asabar da yamma ina soya ƙosai aka buga ƙofa. Ubanta ne ya buɗe. Daga bakin ƙofar na ji ya ce, "Shigo mana, sanyi yana shiga."

Ta zo ƙofar kicin ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba sai in mun je gida Najeriya an tilasta mata. Ta rame. Ta ce, "Umma, na yi laifi. Ya kamata in tambaye ki. Ki yafe min."

"Da za a mayar da ke baya, za ki zana shi?"

Ta ɗago kai ta kalle ni. Sannan ta ce, "Zan zana. Amma ba zan nuna wa kowa ba sai ke."

Ban ji daɗin amsar ba, amma na san ba ƙarya ta yi min ba. Na ce mata abin da ta gani a ɗakin nan gaskiya ne, ban taɓa cewa ƙarya ta zana ba. Na ce amma ganin gaskiya bai ba ta ikon ɗaukar abin da ba nata ba, kuma in ta ci gaba da wannan sana'a za ta riƙa haɗuwa da mutanen da ba za su iya zuwa gallery su ce a sauke ba. Na ce yafiya kuma tana nan zuwa in Allah ya so, amma kada ta tsaya tana jiranta a kan gwiwa, ba yau ba ce.

Ta share ido da bayan hannu. Mai ya fara hayaƙi a kasko, na miƙa mata matsami na ce ta tashi ta kwashe ƙosan kafin ya ƙone, an kusa kiran salla.